ACEH BAYAN JANYEWAR RUWA

   A zamanmu na yau tarihi za mu taɓa, amma tarihi ne na kusa, domin manya daga cikinku sun ji labarin a rediyo lokacin da abin ya faru. Za mu je lardin Aceh na ƙasar Indunisiya, inda girgizar ƙasa da ambaliyar teku da ake kira tsunami suka yi ɓarna a ƙarshen shekarar 2004. An sha ba da labarin ranar da ruwan ya zo. Mu abin da za mu duba shi ne yadda aka zauna bayan ruwan ya koma, musamman abin da ya sami 'yan'uwanmu mata.

Aceh tana can ƙurewar arewacin tsibirin Sumatara, teku ya kewaye ta ta fuska uku. A wancan lokaci mutanenta sun kai wajen miliyan 4, kusan dukkansu Musulmi. Ana yi mata kirari da zauren Makka, saboda a zamanin jirgin ruwa nan ne maniyyatan tsibiran yankin ke yada zango kafin su tsallaka teku zuwa aikin Hajji. Matan Aceh kuwa ba baya ba ne a tarihi. Daga 1641 zuwa 1699 sarauniyoyi huɗu ne suka mulki ƙasar ɗaya bayan ɗaya, ta farkonsu Safiyatuddin ta shekara 34 a kan gado. A al'adar wurare da yawa na lardin, iyaye su ne ke ba 'yarsu gida idan ta yi aure, miji ya tare a wurinta. Shi ya sa a harshensu sunan matar aure yake nufin mai gida, wato wadda ta mallaki gidan. Ki riƙe wannan, 'yar'uwa, za mu dawo kansa.

Ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004, tsakiyar watan Zulƙida ke nan, ana ta haramar aikin Hajji. Da misalin ƙarfe 8 na safe ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da Sumatara. Ƙarfin girgizar ya kai maki 9.1, tana cikin mafiya girma da aka taɓa aunawa. Ƙasan teku ya tsage tsawon kilomita wajen 1,300, wato ya fi nisan Kano zuwa Legas, wani ɓangarensa ya ɗaga sama. Kin san idan kika cika babbar roba da ruwa, wani ya bugi gindinta, ruwan zai yi tsalle ya fantsama ta kowane gefe. To haka teku ya yi. A tsakiyar teku igiyar tana gudu kamar jirgin sama, amma ba ta da tsawo, har masunta da yawa da ke can ciki ba su san ta wuce ta ƙarƙashinsu ba. Sai ta iso gaɓa take tashi tsaye. Ba a yi rabin awa ba ta shiga Banda Aceh, babban birnin lardin. A yankin Lhoknga tsayinta ya kai mita 30, kamar bene mai hawa 10.

Mutum wajen 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, daga Indunisiya zuwa Sirilanka, Indiya da Tailan, har garin Hafun na Somaliya a nan nahiyarmu, inda ruwan ya isa bayan awa 7. A Aceh kaɗai, waɗanda suka rasu da waɗanda ba a ga gawarsu ba sun kai kusan 167,000, fiye da rabin miliyan kuma suka rasa muhalli. Allah Ya ji ƙansu.

Da aka fara ƙirga waɗanda suka tsira, sai aka lura da wani abu: ina matan? A watan Maris na 2005 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta fitar da abin da ta gano. A ƙauyuka 4 na gundumar Aceh Besar, cikin mutum 676 da suka tsira 189 ne kawai mata. A wasu ƙauyuka 4 na Aceh ta Arewa, mutum 366 suka rasu, 284 daga cikinsu mata ne. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Safiyar Lahadi ce, maza da yawa sun fita, wasu suna teku, wasu kasuwa, wasu gona. Mata suna gida da yara da tsofaffi. Da ruwa ya taho, uwa ba ta gudu ita kaɗai, sai ta koma ta ɗauki na goye, ta jawo na tatata, ta nemi wanda ya fita wasa. Yawancinsu ba su iya iyo ba, ba su saba hawa bishiya ba. Kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa bayan girgiza mai ƙarfi teku yana iya tasowa. Wasu ma da suka ga ruwa ya ja baya, kifi yana ta tsalle a kan yashi, gaɓa suka nufa.

Makonnin farko na binne gawa ne. Yawan mamatan ya fi ƙarfin wanka da likkafani ɗaya bayan ɗaya, malamai suka ba da fatawar a binne su tare saboda larura. A Siron, kusa da Banda Aceh, an binne fiye da mutum 46,000 a wuri guda, a Ulee Lheue fiye da 14,000. Ba suna, ba alama. Wanda bai ga gawar mahaifiyarsa ba sai ya zaɓi maƙabartar da zuciyarsa ta fi kwanciya da ita, ya riƙa zuwa yana yi mata addu'a. Babban Masallacin Baiturrahman ya tsaya da ƙafarsa, jama'a da dama a cikinsa suka tsira. A Lampuuk kuwa ruwa ya share garin, masallacin Rahmatullah kaɗai aka gani tsaye a fili. Ba a cika wata guda ba Babbar Sallah ta zo, aka yi ta a cikin tantuna. Alhazan Aceh da suka riga suka tafi Makka suka dawo, wasu ba gida, ba mai taryarsu.

Agaji ya zo daga ko'ina a duniya. An ji tsoron ɓarkewar kwalara, Allah Ya kiyaye ba ta zo ba, saboda an hanzarta kai ruwan sha mai tsabta, aka yi wa yara rigakafin ƙyanda. Ranar 26 ga Janairu 2005 aka sake buɗe makarantu, duk da malamai wajen 2,500 sun rasu. Amma zaman sansani ya yi wa mata tsanani ta hanyar da masu rabon kaya ba su hango ba da farko. An kawo shinkafa da taliya, an manta da ƙunzugu da kayan ciki. Matar da ruwa ya raba da zanenta da mayafinta ba za ta iya fita ta bi layin karɓar abinci ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai daga baya Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma ya riƙa raba ƙunshin kayan mata, da ɗankwali da zane da sabulu da abin salla a ciki. Masu juna biyu suka haihu a tanti, domin ungozomomi da yawa ruwa ya tafi da su. Daga tanti aka koma dogayen gidajen katako, kowane iyali ɗaki guda, bango ɗaya tsakaninki da baƙo, banɗaki can nesa cikin duhu. Wasu iyalan sun shekara biyu, wasu fiye, a irin wannan zama.

Rashin matan ya fito fili a cikin gidaje. Magidancin da bai taɓa hura wuta ba ya wayi gari da yara biyu ko uku, babu mai dafa musu, babu mai lura da wanda jikinsa ya yi zafi. A ƙauyen da maza suka ninka mata sau uku, kowa yana neman aure. Ƙungiyoyin mata suka yi ta jan hankali kada a tura ƙananan yara mata gidan miji don kawai a cike gurbi, kada kuma a matsa wa mai takaba. Masu bincike da suka bibiyi iyalan Aceh shekara da shekaru sun gano cewa haihuwa ta ƙaru a garuruwan da aka fi mutuwa. Uwar da ta rasa ɗa takan sake haihuwa, 'yan matan da suka tsira kuma sun fara iyali da wuri. Haka garuruwan suka sake cika da kukan jarirai.

Marayu ma abin dubawa ne. Tun a watan Janairu na 2005 gwamnati ta hana fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga lardin, don kada masu safarar yara su sami kafa. Aka buɗe wuraren rajista ana haɗa yaro da danginsa. Yawancin marayun dangi ne suka riƙe su, kaka ko inna ko gwaggo ko kawu, kamar dai yadda muke yi a nan.

Yanzu mu koma kan maganar gida da na ce ki riƙe. Ruwa ya tafi da shinge da bishiyun da ake gane iyaka da su, wani filin ma ya nutse ya zama teku. Ofishin ƙasa na Banda Aceh ya cika da laka, ma'aikatansa da dama sun rasu. Takardun da aka tsamo sai da aka kai su Jakarta, ƙwararru daga Japan suka taimaka aka busar da su. Dattawan da suka san wane fili na wane ne, su ma da yawa babu su. To matar da iyayenta suka ba ta gida da baki, ba takarda, shaidunta sun rasu, da me za ta kafa hujja idan dangin miji suka ce nasu ne? Yarinyar da ta rage ita kaɗai a gidansu, wa zai tsare mata gadonta har ta girma?

Ga kuma wata matsalar: miji da mata da 'ya'ya sun rasu a sa'a ɗaya, ba a san wanda ya riga wani ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan waɗanda suka nutse tare ko gini ya faɗa musu tare. A mazhabar Shafi'iyya da mutanen Aceh ke bi, haka ma a Malikiyya tamu, ba sa gadon juna, dukiyar kowane ɗaya tana komawa ga magadansa da ke raye. Irin waɗannan shari'o'i suka yi yawa har alƙalan kotunan Musulunci suka riƙa bin ƙauyuka suna tabbatar da magada, suna naɗa wa marayu waliyyai. Mutanen gari kuma suka zauna suka zana taswirar unguwarsu da hannunsu, kowa ya nuna iyakarsa, maƙwabci ya shaida.

Matan ba su zauna jiran a tuna da su ba. A watan Yuni na 2005 mata wajen 400 daga sassan lardin suka yi babban taro a Banda Aceh. Suka nemi a sa su cikin shawarar sake gina garuruwa, a tsare musu haƙƙinsu na fili, a sake gina zaurukan mata da suke taruwa a ciki don karatu da shawara. A 2006 hukumar sake gina Aceh da ofishin ƙasa suka amince cewa filin da aka ba iyalin da aka sauya wa matsuguni, za a rubuta sunan miji da na mata a takardarsa. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, ba kowace ta samu ba, amma an kafa tushe.

Wani abin da ya biyo bayan ruwan shi ne sulhu. Tun 1976 ake yaƙi tsakanin sojan Indunisiya da ƙungiyar GAM mai neman ɓallewar Aceh, mutum wajen 15,000 suka rasa rayukansu. A 2003 gwamnati ta sa dokar soja, ta rufe lardin ga baƙi. Da bala'in ya zo, dole aka buɗe ƙofa, ɓangarorin biyu kuma suka ga ba a gina gida ana harbi. Ranar 15 ga Agusta 2005 aka sa hannu a yarjejeniya a birnin Helsinki, tsohon shugaban ƙasar Finlan, Martti Ahtisaari, shi ya shiga tsakani. 'Yan GAM suka miƙa bindigogi 840, gwamnati ta janye dubban sojoji. Irwandi Yusuf, wani jigon ƙungiyar da ke kurkuku ranar da ruwa ya rushe gidan yarin, shi aka zaɓa gwamna a ƙarshen 2006. Sai dai a wurin tattaunawar mace ɗaya ce tak a tawagar GAM, Shadia Marhaban. Zawarawan yaƙi kuma da ke ƙauyukan kan tudu sun yi ƙorafin cewa agaji ya tsaya a bakin teku, alhali su ma sun rasa maza da gidaje.

Hukumar sake ginin ta yi aiki daga 2005 zuwa 2009 a ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto, da kuɗi kusan dala biliyan 7. An gina gidaje wajen 140,000, da hanyoyi da makarantu da asibitoci. Aiki ne babba, amma da kurakurai. Wasu gidajen an yi su da katako marar kyau sai da aka rushe. Wasu an gina su nesa da teku, masunta suka ƙi zama. Wasu kuwa an gama su tsaf, fenti da komai, babu madafa. Ai kin ji abin da ke faruwa idan aka zana gida ba a tambayi mai girki ba.

Akwai wani tsibiri da ba zan rufe ba tare da na kai ki can ba. Sunansa Simeulue, yana cikin lardin Aceh, kuma ya fi Banda Aceh kusa da inda ƙasa ta tsage. Mutanensa wajen 78,000 ne. Ruwa ya rushe musu gidaje masu yawa, amma mutum 7 aka ce sun rasu. Me ya cece su, bayan ikon Allah? A 1907 irin wannan ambaliya ta taɓa halaka mutane masu yawa a tsibirin. Waɗanda suka tsira suka sa wa abin suna, smong, suka riƙa ba 'ya'yansu labari. Kakanni mata suka sa shi cikin tatsuniya da waƙar reno. Darasin gajere ne: idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, teku ya ja baya, kada ka tsaya kwasar kaya, ka hau tudu. Shekara 97 ana maimaita wannan magana a tsakar gida. Ranar da aka buƙace ta, mutane suka fito suna ihun smong, kowa ya nufi tudu. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mutanen tsibirin lambar yabo saboda haka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Haka ma a Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta ga teku yana kumfa yana ja baya. Mako biyu kafin nan malaminsu ya koya musu alamomin a aji. Ta dage wa iyayenta har aka kwashe mutane wajen 100 daga gaɓar.

A 2004 babu na'urar gargaɗi a Tekun Indiya. A 2006 aka kafa ta, Indunisiya ta ƙaddamar da tata a 2008. An gina dogayen benaye na gudun tsira a Banda Aceh, an buɗe gidan tarihin tsunami. Wani jirgin ruwan samar da lantarki mai nauyin tan 2,600, wanda ruwa ya ɗauko ya dire a tsakiyar unguwa, an bar shi nan don 'yan baya su gani. Shugabannin masunta, kamar sarakunan ruwa a wurinmu, suka hana fita kamun kifi duk ranar 26 ga Disamba, ta zama ranar addu'a. Duk da haka, da wata babbar girgiza ta zo a watan Afrilu na 2012, mutane suka ruɗe, motoci da babura suka cushe hanya, kaɗan ne suka hau benayen da aka gina dominsu. Allah Ya sa babbar igiya ba ta taso ba. Na'ura da bene suna da amfani, amma sai an koya wa mutanen gida abin da za su yi tun kafin ranar.

To 'yar'uwa, mu nan ba mu da teku, amma mun san ambaliya. Mun ga ta 2012 da ta 2022, mun ga yadda madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri da dare a watan Satumba na 2024. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ki samu lokacin da maigida yake cikin natsuwa ku yi magana: idan ruwa ko gobara ta zo ba ya nan, ina zan nufa da yara, gidan wa, ta wace hanya? Ya ba ki izini tun yanzu, don kada ki tsaya jira a lokacin da ba a jira. Addininmu ya sa tsare rai a gaba. Ku da kuke zaune da abokan zama, ku raba yaran, kowace ta san wanda za ta riƙe, da wadda za ta kama tsohuwa.

Takardun gida, da na haihuwar yara, da katin asibiti, ki ƙulle su cikin leda wuri guda inda hannu zai kai a duhu. Idan mahaifinki ya ba ki fili ko ɗaki ko dabba, ki roƙa a rubuta, shaidu su sa hannu, ba don rashin yarda ba, don rai ba shi da tabbas. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya rabonki na gado, ki san tumunin takaba, ki san haƙƙin maraya. Sannan ki zauna da tsofaffin gidanku ki tambaye su: wace shekara ruwa ya taɓa cin unguwar nan, ina ya tsaya, ina mutane suka fake? Abin da suka gaya miki ki ba yara da dare, yadda kike ba su labarin gizo da ƙoƙi, ki maimaita har su haddace. Matan Simeulue daga tsakar gida suka yi wannan aiki, jikokin da ba su taɓa gani ba suka ci moriyarsa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Aceh da sauran ƙasashe, Ya raya marayunsu, mu kuma Ya tsare mu da zuri'armu daga bala'in ruwa da na wuta.